Dodon Baban Biyu

Shekara shida ke nan teburin cin abincina ba nawa ba ne ranar Asabar. Da an ci abincin rana, tun ban gama kwashe kwanuka ba, mijina Baban Biyu zai fito daga ɗaki rungume da akwatunan roba, ya shimfiɗa wata taswira mai gida-gida, ya tsayar da kwali a gabansa kamar mai sayar da magani a tasha. Can sai ka ji sallamar abokansa uku, dukkansu magidanta masu furfura a gemu, sun zo wasan 'yartsana.

Ya hana ni kiran su 'yartsana. Wai jarumai ne da dodanni.

Ga yadda wasan yake. Mutum ɗaya ne ke ba da labari, shi ne kuma alƙali. Sauran kowa yana da ɗan mutum-mutumi da bai wuce tsawon babban yatsa ba, wanda shi ne shi a cikin labarin. Mai labari zai ce kun shiga kogo, ga dodo ya tare hanya, me za ku yi? Kowa ya faɗi abin da zai yi, a jefa ɗan ludo, ba irin wanda muka sani mai fuska shida ba, wani ne mai fuska ashirin. In lamba ta yi sama, ka sari dodo. In ta yi ƙasa, dodo ya sare ka. Shi ke nan fa. A kan wannan ne ƙarti huɗu suke zufa har la'asar sakaliya.

Ni ungozoma ce. Shekara ashirin da biyu ina ɗakin haihuwa, na san yadda jini yake, na san ihun mutumin da abu ya dame shi da gaske. To ka yi tunanin in dawo daga aikin safe ƙafafuna a kumbure, in tarar da Dogo mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ya dafe ƙirji yana cewa, "Wayyo, an ji min ciwo, saura min rai huɗu!"

Mijina ne mai labari, kuma tun da aka fara bai taɓa sauka daga kujerar ba. A ofishinsu fayil yake ajiyewa. Shekara goma sha tara yana ɗaki ɗaya marar taga, yaran da ya koya wa inda ake sa hannu sun zama shugabanninsa, suna aiken sa ya tafi. Amma ranar Asabar, da ya zauna bayan kwalin nan, sai murya ta canza, girar hagu ta ɗaga, leɓen ƙasa ya turo, yatsa ya miƙe. Shi ke sa ruwan sama, shi ke rushe gada. Nasa ɗan ludon a bayan kwali yake jefawa inda ba mai gani, ya leƙa, ya girgiza kai, ya faɗi abin da ya ga dama.

Ban da Dogo akwai Lauya, wanda ba lauya ba ne, tayar mota yake sayarwa, musu ne ya jawo masa sunan. Sai Mai Haƙori, ɗan siririn mutum marar magana, wanda ke haɗa haƙoran roba a bayan wani asibitin haƙori. Shi ya yi wa mijina haƙoran ƙasa guda biyu lokacin da ya faɗi a babur. Kuma shi ne kaɗai a cikinsu da hannunsa ya iya wani abu, don da ragowar kayan aikinsa yake ƙera musu jaruman, ya yi musu fenti da buroshin da gashinsa bai fi uku ba.

Wata Asabar ya zo da sabuwar jarumarsa a naɗe cikin hankici. Tsohuwa ce mai magani, da jaka a kafaɗa da fitila a hannu. Wata guda ya yi yana aikinta. Ni da ba ruwana da shirmensu sai da na ajiye faranti na duba. Har tamojin goshinta ya fitar, har ɗinkin da aka yi wa jakar inda ta yage. Ta tuna min da wata shugabar ungozomomi da ta horar da mu, wadda ko likitoci suke shakka.

Ba ta yi sa'a biyu a duniya ba. Laifin Mai Haƙori ɗaya ne: mijina ya faɗi wata doka, shi kuma ya ce a hankali, "Kamar ba haka take a littafin wasan ba." Na leƙo daga kicin. Ba a jima ba sai ga wani ƙaton gizo-gizo ya faɗo daga rufin kogo, ya tsallake Dogo da ke gaba, ya tsallake Lauya, ya nufi tsohuwar da ke can baya. Aka ji ƙarar ɗan ludo a bayan kwali.

"Ta mutu," in ji mijina.

"Ko a ba ni dama in..."

"Ta mutu, na ce. Wa ya ce ka zo yaƙi da tsohuwa?"

Ya sa yatsa ya ɗalle ta. Ta gangara ta faɗo ƙasa, hannun mai fitilar ya ɓalle ya shige ƙarƙashin kujera. Dogo da Lauya suka bushe da dariya. Mai Haƙori ya durƙusa yana lalube, ya samo hannun, ya naɗe su tare a hankici, ya sa a aljihu.

Kuma a wannan zaman, ko kunya babu, mijina ya ba shi aiki. Wai labarin ya kusa ƙarewa, yana son babban dodon ƙarshe, sarkin dodanni. Rabin sa'a yana siffanta shi.

"Ina son ya zama mummuna, amma ba munin jiki kawai ba. A ga zalunci a fuskarsa. Wanda da ka gan shi za ka ji kana son kwaɗa masa mari. Za ka iya?"

Mai Haƙori ya ɗago ya dube shi, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Zan gwada."

Sati biyar ya ɗauka. Ranar da ya kawo shi a cikin kwalin takalmi, na shigo da shayi daidai lokacin da ake zare audugar da aka lulluɓe shi da ita. Girmansa kamar dunƙulen hannu. Jikin kwaɗo ne, kore mai ƙuraje, da tumbi har ƙasa, da wasu 'yan fukafukan jemage da ko kaza ba za su ɗaga ba. Yana zaune bisa tarin duwatsu, ya ɓoye hannu ɗaya a bayan garkuwa, ɗayan kuma ya miƙe yatsa sama.

Sai na dubi fuskar. Girar hagu a ɗage. Leɓen ƙasa a ture. Tawadar Allah a gefen hanci, har da silin gashin da ke fitowa daga cikinta. A cikin baki kuma, tsakanin haƙora rawaya, guda biyu na ƙasa farare tas.

Shekara ashirin da huɗu nake farkawa kusa da wannan fuskar. Da ƙyar na kai farantin tebur ban zubar ba.

Mijina ya ɗauke shi da hannu biyu, ya juya shi ta nan, ya juya ta can, idanunsa har ƙyalli suke.

"Kai! Kai! Mai Haƙori, ka gama da ni. Ku dubi girman kai! Ku dubi bakin nan! Wannan da gani ka san bai taɓa yarda ya yi kuskure ba tun da uwarsa ta haife shi. A ina ka samo wannan fuskar?"

"A kaina take," in ji Mai Haƙori, yana kallon kofinsa.

Dogo ya tashi da gudu ya shiga banɗaki, aka ji ya buɗe famfo. Lauya ya cusa biskit biyu a baki lokaci guda, hawaye na zubo masa.

"Maman Biyu, zo ki gani," in ji mijina. "Kin taɓa ganin mummunan abu irin wannan?"

Na ce, "Na taɓa."

Ba zan ɓoye ba, satin farko na ji daɗi. Ya kwashe min kofunan tangaran daga kabad ɗin gilas na falo, ya ɗora dodon a tsakiya shi kaɗai. Kullum da safe kafin ya fita sai ya tsaya a gabansa ya ɗaga gira yana sha'awa, dodon ma ya ɗaga masa tasa. Ni kuwa ina bayansu ina goge tebur ina cije leɓe. Na ɗauki hoto na tura wa 'yan biyunmu a makaranta, ba tare da na rubuta komai ba. Minti ɗaya ba a yi ba suka kira, ba wadda ta iya magana don dariya.

Amma abin ya fara gundurata a sati na biyu. Ya sa hoton dodon a wayarsa inda mutane ke sa hotonsu. Ya ɗauke shi ya kai ofis ya nuna wa yaran nan da ke aiken sa, ya dawo yana ba ni labarin yadda suka taru a kansa har da masu ɗaukar hoto. "Ba su taɓa kula ni haka ba," ya ce. Na ajiye cokali, abincin ya fita raina.

Su kuma abokan, Asabar ta zama musu kasuwa. In ya yi magana sai Lauya ya ce, "Dodo ya yi hukunci," Dogo ya taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Suna shan shayina, suna cin biskit ɗina, suna yi wa mai gidan dariya a gabansa. A shekara shida ba wanda ya taɓa iya duban idonsa ya ce, malam, kana cutar mu. Sai da wani ya yi musu aikin da roba, sannan suka sami baki. Ni ma ɗin da nake zagin su a zuci, ai shirun nake yi tare da su.

Asabar ta uku yayarsa ta zo ba sanarwa. Yaya ta ba shi shekara goma sha huɗu, ita ta goya shi, kuma har yau Auta take kiran sa ko a gaban wa. Idonta ɗaya yana da yana, amma bakinta lafiya lau. Ta gaisa da mazan, ta dubi taswira da 'yan mutanen da ke kai ta taɓe baki, ta nufi kujera. Sai ta tsaya a gaban kabad.

Ta matsa kusa. Ta gyara tabarau.

"Kai, Auta! Wa ya yi ka haka? Wallahi ya iya!"

Ba wanda ya motsa.

"Yaya, dodo ne," in ji mijina, yana 'yar dariya. "Na wasanmu ne."

"Dodon me? Kai ne mana. Ga tawadarka nan. Ga haƙoran da aka sa maka. Bakin nan kuwa, haka kake turo shi tun kana shekara huɗu in yara suka ƙi yin wasa yadda ka ce. Sai ka ɗauke ƙwallonka ka shige gida." Ta juyo gare ni. "Ke ba ki gani ba? Cikin ne kawai aka ɗan ƙara."

Mijina ya tashi a hankali, ya buɗe kabad, ya ɗauko dodon. Ya wuce da shi zuwa madubin da ke lungun banɗaki. Daga falo muna hango bayansa.

Nan fa jarumai suka nuna jarumta. Lauya ya ce, da ƙarfi don a ji, "Ni fa gaskiya ban ga wata kama ba." Dogo ya ce shi dama tun farko ya ce abin bai dace ba, alhali shi ne ya kusa shiƙewa a banɗakina. Mai Haƙori ya fara tattara kayansa yana cewa, "Hannu ne kawai ya tafi haka, ba da niyya ba."

Na ce, "Hannu ne ya tafi har da silin gashi? Ku tashi ku ba ni teburina."

Suka fita sumui-sumui. Yaya ta ce, "Wai me na faɗa?" Na kai ta ɗaki na kunna mata fanka.

Da na dawo mijina yana zaune shi kaɗai a gaban taswira, dodon a gabansa.

"Kin sani?"

"Tun ranar da aka kawo shi."

"Yaran ofis ma?"

Na shiga kwashe kofunan shayi. Ya gyaɗa kai.

Kwana biyu bai yi min maganar da ta wuce gaisuwa ba. Ranar Litinin da safe na tura ƙofar banɗaki ban san yana ciki ba, na same shi da kumfar aski a fuska, ya sa yatsa yana danne girar hagu ƙasa, yana saki tana komawa. Na ja ƙofar a hankali. Wannan kam bai ba ni dariya ba.

Ranar Talata ya zo ɗaukata daga asibiti da kwalin takalmi a kujerar baya. Ya ce, "Raka ni wani wuri. Ina son shaida." Na ce a raina yau za a yi ta, ko dai a fasa dodo a kan mai shi, ko a yi maganar da ya kamata a yi tun shekara shida.

Ɗakin aikin Mai Haƙori ƙarami ne, yana warin gam da narkakkiyar roba. Kanta uku cike da muƙamuƙan farar ƙasa, kowanne da 'yar takarda a ɗaure, duk sun yashe baki suna kallon mai shigowa. Yana zaune da gilashin ƙara girma a goshi, yana goge wani haƙori da ɗan inji. Da ya gan mu ya kashe injin, ya miƙe har kujera ta faɗi.

Mijina ya ajiye kwalin, ya buɗe, ya fito da dodon. Ya yi gyaran murya.

"Tumbin nan ya yi yawa," ya ce. "Ni ba ni da wannan tumbin. Ka rage shi. Fukafukan kuma ka ƙara musu girma, ai wannan wulaƙanci ne."

Na dube shi. Kwana uku yana tunani, abin da ya samo ke nan.

Mai Haƙori ma ya dube shi. Ban san ko mamaki ne ya ba shi ƙarfin hali ba, amma a karon farko na ji muryarsa ta fito sosai.

"Ba zan taɓa shi ba. Yadda yake haka zai zauna."

"Kai ka yi shi, kai za ka gyara."

"Wata guda na yi ina aikin tsohuwar nan. Ka ɗalle ta ƙasa kamar ƙuda. Ko sannu ba ka ce min ba."

"Dokar wasa ce. Lamba ce ta fito haka."

"Lamba nawa?"

"Me?"

"Ranar. A bayan kwali. Nawa ta fito?"

Mijina ya dubi muƙamuƙan da ke kanta, ya dube ni. Ni da aka kawo shaida na naɗe hannu.

"Ban duba ba," ya ce a ƙarshe.

Na jira in ji kalmar haƙuri. Abin da ya iya haɗawa shi ne, "To, sai mu ce suma ta yi. Ka dawo da ita Asabar, in sa a same ta da rai."

"A'a. Ta mutu. Kai ka faɗa, sau biyu." Mai Haƙori ya ɗaga kujerarsa ya zauna. "In kana son in sake zama a teburin nan, ka sauka daga kujerar. Ka riƙe jarumi ɗaya kamar kowa, wani ya ba da labari."

A mota mijina ya yi ta faɗa, wai an ci amanarsa, wai shi ya tara su, taswirar ma tasa ce. Da muka tsaya a danja sai ya ce, "Amma fa aikin ya yi kyau. Kin ga ƙurajen bayan?" Na ce ya kalli hanya.

Asabar biyu teburina ya huta, har na shimfiɗa masa sabon mayafi. Ta uku suka dawo. Mai Haƙori ya ce shi ba ya son kujerar, Lauya kuma ba mai yarda da shi, sai ta faɗa hannun Dogo. Aka cire kwali, kowa ya riƙa jefa ɗan ludo a fili.

In kana zaton an sami adalci, to ba ka san Dogo ba. Mutumin da ya shekara shida yana kukan an zalunce shi, sati ɗaya ya isa ya koyi murya. Shi ba ya buƙatar kwali. In lamba ba ta yi masa ba sai ya ce ai iska ta kaɗa, ko ƙasa ta tsage. Mijina ya zaɓi wani jarumi mai sulke da doguwar takobi, ya raɗa masa suna mai tsawon layi biyu. Kafin shayi ya huce Dogo ya jefa shi rijiya.

Ya same ni a kicin, jarumin a tafin hannunsa.

"Maman Biyu, kin ji abin da mutumin nan ya yi min? Ko dama bai ba ni ba! Wai mutum don an ba shi kujera sai ya..."

Na miƙa masa faranti. "Kai musu biskit."

Ya karɓa ya tafi yana ƙunƙuni.

Dodon kuwa ba a taɓa yaƙarsa ba. Dogo ya so ya fito da shi, mijina ya ce nasa ne, ba mai sarar sa. Ya mayar da shi kabad, amma a kantar ƙasa, ni kuma na maido da kofunana sama.

Jiya Yaya ta kira ni. Bayan gaisuwa ta ce, "Wai kwaɗon nan na Auta, in ba kwa amfani da shi ki aiko min. Zan ɗora a kan talabijin. Duk hotunansa da nake da su ba wanda ya fito da shi kamar wannan."

Na ce mata ta yi haƙuri, 'yan biyu sun riga ta tambaya, kuma su ma har yanzu ba su daidaita a kan wadda za ta ɗauka ba.